Taurarin Indiya: Shah Rukh Khan, Sarkin Soyayyar Da Tsoron Talauci Ya Gina

Idan aka ambaci Shah Rukh Khan a majalisar samari ko a ɗakin 'yan mata, hoto ɗaya ne ke faɗo wa kowa a rai: ga shi tsaye a tsakiyar gona mai furanni ruwan ɗorawa, ya ware hannuwa, ya ɗan karkatar da kai, Kajol ta sheƙo a guje. Da wannan tsayuwar ya ci kasuwar Indiya, da ita kuma ya shigo Kano da Kaduna da Jos da Damagaram, har sunansa ya koma Sharukan a bakin yara. Shekara talatin ke nan ana kiran sa sarkin soyayya. To amma duk wanda ya zauna ya bi hirarrakin da mutumin nan ya yi, tun daga na da har zuwa na bayan nan, zai lura da wani abu. In aka tambaye shi me ya kai shi inda ya kai, da wuya ka ji ya kawo zancen soyayya. Magana biyu yake komawa kai kullum: mutuwar iyayensa da tsoron talauci.

Ranar 2 ga Nuwamba, 2025 ya cika shekara 60 cif. A birnin Delhi aka haife shi a 1965, kuma a gidajen haya ya tashi, a wata unguwa da ake kira Rajendra Nagar. Ba ɗan gidan 'yan fim ba ne. Wannan kuwa ba ƙaramar magana ba ce a Indiya, inda in ka bincika manyan jarumai za ka tarar yawanci gado suka yi. Salman Khan ɗan marubucin fim ne, Aamir Khan ɗan furodusa ne, Sanjay Dutt, wanda 'yan kallon Kano suka raɗa wa Ɗan Daba Mai Lasin, uwa da uba duk taurari ne, gidan su Kapoor kuwa ba a ma magana. Shi Sharukan bai da kawu ko baffa a Bombay da zai ɗaga waya ya ce a ba ɗana fim.

Mahaifinsa, Meer Taj Mohammed Khan, mutumin Peshawar ne, garin da yanzu yake cikin Pakistan. Tun yana matashi ya shiga gwagwarmayar korar Turawan mulkin mallaka, a sahun mabiya Abdul Ghaffar Khan. Ya yi karatun lauya, yana jin harsuna da dama, amma duk sana'ar da ya taɓa sai ta ƙi. Ya gwada harkar sufuri, ya gwada kayan katako, ya buɗe gidan abinci, babu wadda ta tsaya da ƙafarta. Abokan gwagwarmayarsa wasu sun zama manya a gwamnati bayan samun 'yanci a 1947, shi kuwa yana nan yana fama da kuɗin haya. Sharukan ya sha bayyana shi da cewa a cikin waɗanda ba su yi nasara a rayuwa ba, babu wanda ya kai mahaifinsa nasara. Magana ce mai harshen damo: yabo ne, domin uban mutumin kirki ne mai gaskiya, amma akwai ciwo a ƙarƙashinta.

Wani abin mamaki, ɗaya daga cikin waɗannan sana'o'in da ba su kawo kuɗi ba ita ce ta fara jefa yaron cikin 'yan wasa. Uban ya taɓa riƙe kantin shayi da abinci a babbar makarantar koyon wasan kwaikwayo ta ƙasar da ke Delhi. Nan yaron yake wuni yana kallon manyan 'yan wasan daɓe suna atisaye, suna haddar magana, suna fitowa shan shayi. A unguwa kuma in an zo wasan gargajiyar nan na Ramlila da ake yi duk shekara, rol ɗin biri ake ba shi. I, biri! Wanda daga baya zai rungumi Madhuri Dixit da Kajol da Rani Mukerji a fim, da tsalle-tsallen biri ya fara.

A wani jawabi da ya yi wa ɗalibai a 2016, ya ba da labarin cewa saboda rashin kuɗi mahaifinsa ba ya iya saya masa sabon abu ranar zagayowar haihuwarsa, sai dai ya naɗe tsofaffin kayansa a takarda ya miƙa masa. Ya taɓa ba shi tsohon allon wasan dara irin na Turawa, ya taɓa ba shi tsohuwar tafireta, ya taɓa ba shi kyamarar da ba ta ɗauka. Ya ce daga darar ya koyi cewa wani lokaci sai ka ja da baya kafin ka ci gaba, kuma ƙaramin ɗa ma yana da amfani a kan allo. Daga tafiretar ya koyi naci da kiyaye kuskure, tunda in ka buga harafin da ba shi ba sai ka sha wahalar gyara. Akwai kuma labarin Kashmir. Uban ya gaya masa cewa akwai wurare uku da ya kamata ya gani a duniya, Istanbul da Italiya da Kashmir, biyun farko ya je ko da ba ya raye, amma Kashmir kada ya je sai tare da shi, shi zai nuna masa. Rai ya yi halinsa ba su je ba. Sharukan ya zagaya duniya kaf, amma ya ƙi taka Kashmir har sai 2012, lokacin da darakta Yash Chopra, wanda ya ɗauka tamkar uba, ya kai shi can ɗaukar Jab Tak Hai Jaan. Wannan kuma shi ne fim na ƙarshe da Yash Chopra ya yi, ya rasu kafin ma a sake shi.

Ciwon daji ne ya yi ajalin mahaifin a farkon shekarun 1980, lokacin yaron bai wuce shekara 15 ba. Ɗawainiyar gida ta dawo kan mahaifiyar, Lateef Fatima, 'yar asalin Hyderabad. Ita ta tsaya tsayin daka ya ci gaba da karatu a St. Columba's, makarantar da ya yi fice a wasan hoki da ƙwallon ƙafa da wasan kwaikwayo, har ya karɓi lambar yabo mafi girma da makarantar ke bayarwa. Daga 1985 zuwa 1988 ya karanta ilmin tattalin arziki a kwalejin Hansraj ta Jami'ar Delhi, ya fara digiri na biyu a fannin aikin jarida a Jamia Millia Islamia, bai ƙarasa ba. Duk tsawon lokacin nan rabin ransa yana wurin ƙungiyar wasan daɓe ta wani Bature mai suna Barry John, inda ya koyi aikin tun daga tushe. Kuɗin farko da ya taɓa samu da guminsa, a cewarsa, rupi 50 ne, ladan nuna wa mutane kujera a wani taron waƙa na Pankaj Udhas. Da ya karɓa sai ya hau jirgin ƙasa ya tafi Agra kallon Taj Mahal.

Ta talabijin ya shigo. A 1989 aka nuna Fauji, wasan sojoji, inda ya fito a matsayin Abhimanyu Rai, sannan Circus ya biyo baya. A lokacin ba shi da wani burin shiga fim ɗin silima, yana ganin ma fuskarsa ba ta jarumai ba ce. Uwar ce take ganin ɗanta Dilip Kumar ne na biyu.

Sai 1991 ta zo. Ciwon suga ya kwantar da mahaifiyar a asibiti, jiki ya yi tsanani. A hirar da ya yi da Ba'amurken nan David Letterman a 2019, ya faɗi abin da ya yi a gefen gadonta, kuma labari ne mai sa jiki ya yi sanyi. Ya ce a lokacin ya ƙudurta a ransa cewa mutum ba ya barin duniya sai hankalinsa ya kwanta da abin da zai bari. Don haka sai ya zauna kusa da ita yana gaya mata munanan abubuwa: wai in ta tafi zai wulaƙanta yayarsa, ba zai yi karatu ba, ba zai yi aiki ba. Dabararsa ita ce hankalinta ya tashi, ta ga ba ta gama aikinta ba, ta fasa tafiya. Tunanin ɗan shekara 25 ke nan da ya ga zai rasa komai. Ajali kuwa ba a yi masa wayo. Ta rasu a wannan shekarar, ba ta ga ko fim ɗaya nasa na silima ba. Yayarsa, wadda tun mutuwar uban ba ta dawo daidai ba, ta ƙara shiga damuwa, kuma shi ya ci gaba da riƙon ta a gidansa.

Makonni kaɗan bayan rasuwar ya tattara ya nufi Bombay. Ya sha faɗa cewa ba neman suna ya kai shi ba, Delhi ce ta yi masa zafi, yana neman aikin da zai cika masa wuni don kada ya zauna yana tunani. Niyyarsa ya yi shekara ɗaya ya koma gida. A watan Oktoba na shekarar ya auri Gauri, budurwarsa tun ta ƙuruciya, a watan Yunin 1992 kuma Deewana ya fito, inda ya biyo bayan Rishi Kapoor da Divya Bharti, bai ma bayyana ba sai bayan an raba fim ɗin biyu. Shekara ɗayar nan ita ce har yau ba ta ƙare ba.

A nan ne ya kamata mai karatu ya tsaya ya duba da kyau, don nan ne tsoron talaucin ya fara aiki. A 1993 ya yi abin da sabon jarumi mai hankali ba zai yi ba a wancan zamani: ya fito a mugu. A Baazigar ya tunkuɗo Shilpa Shetty daga saman bene tana cikin yi masa murmushi. A Darr ya zama mahaukacin masoyi mai bibiyar Juhi Chawla, har Sunny Deol, wanda shi ne jarumin fim ɗin, ya koma kamar ɗan rakiya. A Anjaam na 1994 ya gallaza wa Madhuri Dixit. An daɗe ana yaba masa cewa jarunta ce da hangen nesa suka sa ya karɓi waɗannan rol ɗin. Amma da ya tsaya gaban ɗaliban Jami'ar Yale ta Amurka a 2012, shi da bakinsa ya rage wa labarin gishiri. Ya ce ya ga talauci a gidansu, ya ga yadda ya wahalar da iyayensa, har a ransa ya haɗa talauci da faɗuwa ya mai da su abu guda. Saboda haka da ya samu shiga fim, duk abin da aka miƙo karɓa yake yi, da yawa ma waɗanda wasu jarumai suka ƙi ne, furodusa ya rasa wanda zai ba. Abin da yake gudu kawai shi ne ya wayi gari babu aiki.

Ita kanta soyayyar da aka san shi da ita, tura shi aka yi. Shi fim ɗin faɗa yake so. Sai da Aditya Chopra ya yi ta zarya yana lallashin sa kafin ya yarda ya fito a Raj na Dilwale Dulhania Le Jayenge, don yana ganin labarin na 'yan gayu ne. Fim ɗin ya fito ranar 20 ga Oktoba, 1995, kuma silimar Maratha Mandir da ke Mumbai ta yi ta nuna shi kullum har ya cika shekara 30 a 2025, in ka cire hutun dole na lokacin korona. Daga nan ƙofa ta buɗe: Dil To Pagal Hai a 1997, Kuch Kuch Hota Hai a 1998, Mohabbatein a 2000, Kabhi Khushi Kabhie Gham a 2001, Kal Ho Naa Ho a 2003, Veer-Zaara a 2004. Waɗannan su ne kaset ɗin da suka yi ta yawo gida-gida a ƙasar Hausa, ana karɓo su haya ana kwana kallo, tun kafin a fara fassara fina-finan Indiya da Hausa. Lokacin da yake tallar Pathaan ya yi raha da cewa ya shigo industiri ne don ya zama jarumin faɗa, aka karkatar da shi aka mai da shi na soyayya, sai bayan shekara talatin da 'yan kai burinsa ya cika.

Devdas na 2002 yana da nasa labarin. Mutane da yawa sun ba shi shawarar kada ya taɓa rol ɗin, tunda Dilip Kumar ya riga ya yi shi a 1955, kuma ba a haɗa kowa da Dilip Kumar a kwashe lafiya. Da aka karrama shi a bikin fina-finai na Locarno da ke Suwizalan a watan Agustan 2024, ya bayyana dalilin da ya sa ya ƙi jin shawarar. Ya ce mahaifiyarsa masoyiyar Dilip Kumar ce, yana so ne a ce ya yi Devdas saboda ita. Ya ƙara da cewa tun farko burinsa ya yi fina-finai manya-manya, masu girman da iyayensa za su iya hango su daga sama. A wani taro a Dubai a watan Nuwamban wannan shekarar ya sake taɓo zancen ta wata fuskar. Ya ce abin da ya riƙa damun sa shi ne kada iyayensa su ji kamar sun yi laifi da suka mutu suka bar 'ya'ya babu mai kula da su, shi ya sa ya ɗaura ɗamarar sai ya yi nasara. A wurin ne kuma ya amsa cewa in fim ɗinsa ya faɗi yakan shige banɗaki ya sha kukansa, ba ya bari kowa ya gani.

To, a nan dole a faɗi gaskiya. Sharukan ɗan wasa ne, kuma a duk Indiya da wuya a samu wanda ya kai shi iya hira. Labaran nan ya maimaita su shekara da shekaru, sun goge sun yi sumul kamar dutsen rafi, ya san inda zai tsaya a yi dariya da inda zai sassauta murya. Shi da kansa ya gaya wa Letterman cewa shi ma'aikaci ne kawai a ƙarƙashin wannan tatsuniya da ake kira Shah Rukh Khan. Kuma talaucin da yake magana ba irin na mai kwana a tasha ba ne. Yaron da ya yi St. Columba's, ɗaya daga cikin makarantun da ake ji da su a Delhi, ba za a ce da shi ɗan talakawa tuburan ba. Gidan rufin asiri ne da kullum yake gab da tonuwa. Sai dai wanda ya tashi a irin wannan gida ya san tsoronsa daban ne, domin ka ɗanɗana, ka kuma ga yadda abu ke suɓucewa.

Abin da ke sa a yarda da shi ba kalamansa ba ne, yadda ya tafiyar da rayuwarsa ne. Duba dai. A 2001 ya sayi katafaren gidan nan na bakin teku a unguwar Bandra da ya sa wa suna Mannat, yaron da ya tashi a gidan haya. Ya yi tallar sabulu, ya yi ta mota, ya yi ta lemo, ya yi rawa a bikin auren attajirai an biya shi, ana yi masa gori bai fasa ba. Ya kafa kamfanin Dreamz Unlimited da Juhi Chawla da Aziz Mirza, fim ɗinsu na farko Phir Bhi Dil Hai Hindustani ya kwanta a 2000, Asoka ya bi shi a 2001, bai saduda ba ya sake kafa Red Chillies, wanda ya fara da Main Hoon Na a 2004. A 2008 ya shiga harkar wasan kurket da ƙungiyar Kolkata Knight Riders. An yi masa aiki a gadon baya a Landan a 2003, an yi masa a kafaɗa, an yi a gwiwa, kowane karo kafin ya warke sosai ya koma lokeshin. Gidauniyar da ya kafa a 2013, wadda ke taimakon matan da aka watsa wa ruwan batir, sunan mahaifinsa ya sa mata, Meer. Masu bin harkar fim ɗin Hausa za su tuna cewa Ali Nuhu ma, wanda aka daɗe ana kwatanta shi da Sharukan, da haruffan sunan mahaifiyarsa ya raɗa wa kamfaninsa FKD.

Akwai wani ɓangare na labarin da samari da 'yan matan da ke sintiri a ofisoshin 'yan fim na titin gidan Zoo, suna neman a sa su ko da a fitowa ɗaya ce, ba su cika son ji ba. Kafin Deewana, mutumin nan ya gama digiri, ya yi shekaru yana wasan daɓe da ba a samun ko kuɗin mota, ya yi talabijin. Ranar da dama ta zo, ya riga ya iya aikin. Yaro ya ajiye makaranta don an ce masa yana kama da wani jarumi, wannan ba hanyar Sharukan ba ce, ko da kuwa ya iya ware hannuwa irin nasa.

Faɗuwar da ya yi ta gudu tun yana yaro ta cim masa yana da shekara hamsin da 'yan kai. Fan na 2016 bai yi kasuwar da aka zata ba, duk da cewa wasan da ya yi a ciki yana cikin mafi kyawun da ya taɓa yi. Jab Harry Met Sejal na 2017 ya kwanta. Sai Zero a Disambar 2018, inda aka yi amfani da kwamfuta aka mai da shi wada, aka narka kuɗi masu yawa, 'yan kallo suka juya baya. Daga nan ya yi shiru. Shekara huɗu cur babu fim ɗin da ya ja a matsayin jarumi. Jaridu suka fara rubuta cewa zamaninsa ya wuce. Ana cikin haka, a Oktobar 2021 hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta kama babban ɗansa Aryan, ya yi makonni a tsare, kafin a watan Mayun 2022 hukumar ta cire sunansa daga tuhumar saboda rashin hujja. Uban, wanda aka sani da surutu, bai ce uffan a bainar jama'a ba duk tsawon rikicin.

Da aka tambaye shi a wani babban taro a Dubai a Fabrairun 2024 me ya yi a shekarun nan, sai ya ce jinyar raunukansa ya yi, ya kuma koyi gasa fiza a kicin ɗin gidansa. Amma ya faɗi abin da ya fi wannan nauyi. Ya ce ya gano laifinsa ne: ya daina sauraren 'yan kallo, ya koma neman burgewa da sabon salo, alhali mutane abin da suke so a wurinsa shi ne ya ba su fata da farin ciki. Ba kowane tauraro ne zai faɗi haka ba. Yawanci in fim ya faɗi, 'yan kasuwa ake zargi, ko masu satar fasaha, ko a ce 'yan kallo ba su waye ba.

Dawowar da ya yi a 2023 sai dai a ce tubarkalla. Pathaan a Janairu, Jawan a Satumba, kowannensu ya haura rupi biliyan 10 a kasuwar duniya, sannan Dunki ya rufe shekarar a Disamba. Yana da shekara 57 ya zama jarumin faɗan da ya so zama tun yana saurayi. A 2025 kuma gwamnatin Indiya ta ba shi kyautar gwarzon jarumi ta ƙasa a kan Jawan, wadda ya raba da Vikrant Massey. Karon farko ke nan cikin shekara 33. A gaskiya kyautar ta makara, kuma ba a kan fim ɗin da ya dace ta zo ba. Duk wanda ya kalli Swades na 2004, inda ya fito a injiniyan da ya baro Amurka ya koma ƙauye, ko Chak De! India na 2007, inda ya horar da 'yan matan hoki babu rawa babu budurwa, ya san can ne ya yi wasan da ya cancanci lambar. Jawan fim ne na nishaɗi da ƙarar bindiga. Ko a bidiyon godiyar da ya saki, hannunsa a rataye yake, don ya ji rauni a wurin ɗaukar sabon fim.

Game da gaba kuwa, babu alamar zancen ritaya a bakinsa. A taron Dubai na Fabrairun 2024 ya ce yana ganin akwai sauran shekara 35 a gabansa, wato har ya haura 90 ke nan. Ya ce burin da ya rage masa shi ne ya yi fim ɗaya da duk duniya za ta so, yadda ba za a ƙara tambayar sa dalilin da ya sa bai tsallaka Hollywood ba. Kan wannan tambayar ma ya ba da amsa ba kwana-kwana: babu wanda ya taɓa kawo masa aikin kirki daga can. Ya ce an yi masa tayin rol ɗin mai gabatar da gasa a Slumdog Millionaire, ya ƙi, saboda mutumin cikin labarin macuci ne, shi kuma a lokacin yana gabatar da irin wannan gasar a talabijin da gaske. Anil Kapoor ne ya yi rol ɗin. A bikin cikarsa shekara 59 ya sanar da masoyansa cewa ya daina shan sigari, shi da aka san shi da zuƙa kamar salansa. Wanda ke lissafin shekara 35 dole ya fara lallaɓa ƙirjinsa.

Sai maganar 'ya'ya, inda labarin ya juya. Mutumin da ya shigo Bombay ba shi da kowa, yau shi ne gatan da wasu ke gori a kai. 'Yarsa Suhana ta fara fitowa a The Archies a 2023, masu sharhi ba su raga mata ba. Aryan ya ƙi gaban kyamara ya zaɓi bayanta, ya ba da umarnin wani shiri mai dogon zango da Netflix ta saki a Satumbar 2025, wanda ke yi wa ita kanta masana'antar fim ɗin shaguɓe. Fim ɗin da Sharukan ya shiga bayan Dunki, wato King na darakta Siddharth Anand, tare da Suhana ya yi shi. Ya samar wa yaran nan duk abin da shi bai samu ba. Abin da ba zai iya ba su ba shi ne yunwar da ta tura shi, kuma ita ce jarin da ya fara da shi. Ko za su iya ba tare da ita ba, 'yan kallo ne za su yanke, kuma 'yan kallon Indiya ba sa jin kunyar ɗan kowa, Abhishek Bachchan shaida ne.

Shi kuwa uban, a wata hira da aka yi da shi a Locarno, an tambaye shi ko zai ci gaba da fim har abada. Ya ce ƙwarai, har ranar mutuwarsa. Ya ma faɗi yadda yake so ta kasance: a lokeshin, darakta ya ba da umarnin a fara ɗauka, ya faɗi kamar yadda labari ya tsara, a ce a yanke, a jira ya tashi, shi kuwa ya riga ya tafi. Yana dariya ya faɗa, amma da mai tambayar ya nemi tabbaci, ya ce da gaske yake.